Burkutun da muka ɗanɗana a Kagoro ranar bikin Afan: kowa ya faɗi nasa

Maman Ladi (Kafanchan):
Barkanmu da sabuwar shekara, 'yan'uwa. Ina fata kowa ya isa gida lafiya. Tun da muka watse daga Kagoro ranar 1 ga Janairu bayan Afan, bikin gargajiyar garin, hotuna da godiya kawai ake turowa, ba wanda ya buɗe baki a kan abin da ya shiga ƙoƙo. To ni zan fara, kowa ya biyo da nasa tsakani da Allah, don abin da ya tara mu ke nan.

A wurina na Goggo Kande ne ya fi. Da aka zuba shi, kumfa na tasowa a hankali daga ƙasa, launinsa ja mai duhu, kaurinsa daidai, ba ya kama maƙogwaro. Tsami ne ke fara zuwa, zaƙin tsiro ya biyo baya, a ƙarshe ɗan ƙamshin hayaƙi ya zauna a baki. Fiton Hannatu, wato ɗan'uwan burkutu marar kauri, ya fi ruwa-ruwa da zaƙi, na ga masu son mai laushi suna ta komawa. Na kwalba da ɗana Danladi ya kawo zan bar wa wasu su fara magana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na Rifkatu. Na ga yadda aka kurɓa aka ajiye ƙoƙo, na kuma ji abin da aka faɗa a gefe. Ba a yi mata adalci ba. Burkutu ba ya daina aiki don an sauke shi. Wanda aka tace a bayan gida da asuba da wanda ya kwana a jarka a bayan mota tun daga Numan, ba a jera su a tabarma ɗaya a ce wane ya fi.

Bulus (Zonkwa):
Mama, barka da shekara. Da girmamawa nake faɗa, mai saye ba ya tambayar hanya. Abin da harshe ya ji shi ne shaida. Na Anti Rifkatu tun kafin ya kai baki yake sukar hanci. Ban ce ba ta iya ba, na ce abin da aka ba ni ranar ya wuce.

Rifkatu (Numan):
Bulus, ba ka yi ƙarya ba, ya wuce. Ni ma da na buɗe jarkar a Kagoro na san ba abin da na ɗauko ba ne. Amma ka san hanyar? Numan zuwa Gombe, Gombe zuwa Bauchi, Bauchi zuwa Jos, sannan a gangaro. Jarkar tana ƙarƙashin buhunan mutane, rana tana dukan motar, kuma dole duk inda aka tsaya in sassauta murfi, in ba haka ba ta kumbura ta fashe. Wanda ya taɓa shan nawa a gida, washegarin da na zuba masa yisti, shi ne zai iya yi mini hukunci. Yaya Saratu ta taɓa sha, tana cikin zauren nan.

Saratu (Jos):
Na sha, kuma na shaida. Nata a gida ya fi nawa tsabtar ɗanɗano. Tana haɗa gero kaɗan, shi ke ba shi wannan santsin.

Malam Ishaya (Zariya):
Bari in sa baki, don akwai abin da ake haɗawa wuri ɗaya alhali abu biyu ne. Tsamin burkutu iri biyu ne. Na farko shi ne wanda muke nema da gangan, lokacin da ake barin ruwan tsiro ya kwana kafin dahuwa ta biyu. Ƙwayoyin da ke kawo shi danginsu ɗaya da masu mayar da madara nono, shi ya sa yake da laushi, yana tsayawa a gefen harshe. Da an tafasa, ƙwayoyin sun mutu, tsamin ya tsaya inda aka bar shi.

Na biyu yana zuwa ne bayan yisti ya gama aikinsa. Akwai wasu ƙwayoyin da abincinsu barasar ce kanta, suna mayar da ita binega, amma ba sa iya aiki sai da iska. Jarkar da ba ta cika ba, ana buɗewa ana rufewa, mota tana girgiza ta, ga zafi, duk abin da suke so an ba su. Shi ne abin da Bulus ya ji yana sukar hanci. Wannan ba daga hannun mai dafawa ba ne. Ko na Goggo Kande aka ɗora a motar nan, haka zai iso.

Bulus (Zonkwa):
Na ji, Malam. Amma to me ya sa na Kawu Yohanna bai yi haka ba? Zuru ma ai ba kusa ba ce.

Kawu Yohanna (Zuru):
Domin ni ban ɗauko shi da yisti a ciki ba, ɗana. Dafaffen ruwan na ɗauko, na zuba shi a jarka da zafinsa, na cika ta har wuya na ɗaure. Sai da na sauka a Kafanchan na juye a randar Maman Ladi na sa masa yisti. Shi ya sa kuka ji shi da sauran zaƙi, bai gama nuna ba. Ni kaina da an ƙara masa rabin yini da na fi son sa.

Maman Ladi (Kafanchan):
Kun gani? Na Kawu bai kai ba, na Rifkatu ya wuce, na Goggo ya faɗo daidai kan lokacinsa. Mun zauna muna yabon hannu, alhali rabin abin da muke yabo agogo ne.

Goggo Kande (Pankshin):
Sannunku 'ya'yana, na gode da yabo. Gaskiya Maman Ladi ta faɗa. Ni tun kafin Kirsimeti nake Kagoro wurin 'yata, a can na jiƙa, a can na shanya, a can na dafa. Ban hau mota da shi ba.

Amma kada a ce agogo kawai. Sanyin hunturu ba ya barin mutum ya bi lissafin da ya saba. Dawar da take tsira a kwana uku lokacin zafi, yanzu sai ta kai biyar. Na shimfiɗa ta a ɗaki a kan buhu, na rufe da wani jiƙaƙƙen buhun, safe da yamma ina yayyafa ruwa ina juyawa da hannu. In ka tura hannu ciki ka ji ɗumi kaɗan, tana aiki. In ka ji zafi, ka baza ta da sauri, za ta yi funfuna. Ni ba na duba tsawon tsiro kaɗai, ina ɗaukar ƙwaya in murje tsakanin yatsu. In ta murje ta zama gari mai laushi, na tauna na ji zaƙi, ta isa shanya.

Wurin tsami kuwa, a nan ne ake rasa barci. Daren da na haɗa ruwan, na jawo tukunyar kusa da murhu inda garwashi bai mutu ba, na lulluɓe ta da tsofaffin barguna. Cikin dare na tashi na ɗanɗana, bai yi ba. Da carar zakara ta farko na sake, ya fara. Gari na wayewa na ji ya kama gefen harshe, yawu ya taru, nan take na hura wuta. Da na jira a gama shara da wanke-wanke, da labarin ya canza.

Hannatu (Jos):
Goggo, ƙamshin hayaƙin nan fa? Da gangan ne?

Goggo Kande (Pankshin):
Tukunyar ƙasa ce da itace mai kyau, 'yata. Kuma dahuwa ta biyu ba na gaggawa, ina barin ta ta yi ta tafasa har ruwan ya ragu, launi ya yi duhu, ina kwashe kumfar sama da ludayi. Masu dafawa a durom suna gamawa da wuri, amma ƙasan yana kamawa, sai ka ji ɗacin ƙonewa. Wannan daban, hayaƙi daban.

Danladi (Abuja):
Ina kwana iyayena. Na ga kowa yana zagaye kwalbata, ku faɗa kawai, don koyo na zo.

Bulus (Zonkwa):
To tunda ka nema. Ƙamshinsa ya yi mini daɗi, kamar ɓawon lemo. Amma a baki ba shi da jiki, ɗaci ne a gaba, ɗaci a baya. Kuma ba burkutu ba ne. Ban san me ya sa muka sa shi a layi ɗaya da sauran ba.

Hannatu (Jos):
Ni kam na so shi. Ya yi sanyi, ya yi gas, kuma ana jin dawar a ƙarshe in mutum ya natsu. Abin da na lura shi ne ƙasan kwalbar ya tara farin abu mai yawa, na biyun da aka buɗe kuma ya yi ambaliya, rabi ya zube a ƙasa.

Danladi (Abuja):
Yaya Bulus, ban kira shi burkutu ba. Dawa ce zalla, kaura, ni na tsirar da ita, babu sha'ir ko ƙwaya ɗaya. Bambancin shi ne ban bar shi ya yi tsami ba, na sa furen hop mai ba giya ɗaci da ƙamshi lokacin tafasa, na yi amfani da busasshen yisti na leda, na tace na ɗura a kwalba. Abin da nake so in gani shi ne ko dawarmu za ta iya ba da irin giyar da ƙananan kamfanoni suke yi yanzu. Ku duba Bature Brewery, a nan Abuja suka fara a 2017 kafin su kafu a Legas, mutane suna biyan kuɗi mai kauri don su sha abin da aka yi a ƙaramar tukunya. Me zai hana mu?

Matsalata ita ce wadda kuka faɗa, rashin jiki. Na bi yadda masu sha'ir suke yi, na riƙe ruwan a digiri 65 na ma'aunin Celsius tsawon awa ɗaya, amma da na auna sukarin bai kai inda nake so ba, dusar kuma da na matsa ta fari fat take, sitaci bai narke ba.

Malam Ishaya (Zariya):
Danladi, ka ɗauki dokar sha'ir ka ɗora wa dawa, ba za ta karɓa ba. Sitacin sha'ir yana nuna a zafin da bai kashe sinadaran tsiro masu mayar da shi sukari ba, shi ya sa Turawa suke yin komai a tukunya ɗaya a wajen digiri 65. Sitacin dawa sai zafi ya haura 70 yake buɗewa sosai, a wannan zafin kuma sinadaran sun fara mutuwa. Ga shi tsiron dawa dama yana da ƙarancin sinadarin da ke samar da sukarin da yisti ya fi ci. In ka tsaya a 65, sitaci bai nuna ba. In ka haura, ka kashe ma'aikatan.

Tambayi Goggo yadda take yi bayan niƙa, za ka ga an warware wannan tun kafin a haifi kakanninmu.

Goggo Kande (Pankshin):
Ni ban san digiri ba, ɗana. In na niƙo tsiro, ina dama shi da ruwan sanyi in bar shi ya kwanta. Ruwan sama mai haske ina tsiyaye shi a wata randa in ajiye, ba ya ganin wuta. Na ƙasa mai kauri shi nake dafawa, ina tuƙawa har ya nuna ya yi kunu. Sai in sauke, ya huce kaɗan, yadda zan iya tsoma yatsa in cire da sauri, sannan in mayar masa da ruwan da na ajiye. Kana tsaye za ka ga kunun nan mai kauri ya saki, ya tsinke ya zama ruwa, ka ɗanɗana ka ji zaƙi. Haka uwata ta koya mini.

Malam Ishaya (Zariya):
Ka ji. Ruwan saman nan shi ke ɗauke da sinadaran, an kuɓutar da su daga wuta, an dafa sitacin shi kaɗai, an sake haɗa su a zafin da ya dace. A 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, manyan kamfanonin giya na ƙasar nan sun sha fama da wannan matsalar. Dole suka koma dawa da masara, aka yi ta gwajin iri, har da SK5912, gajeriyar kaurar da ta fito daga cibiyar binciken noma ta Samaru. Da yawansu sun ɓulle ne ta hanyar sayen sinadaran da ake haɗawa a masana'anta suna zubawa. Masu bincike kuma da suka gwada tsiyaye ruwan sama a dafa na ƙasa, sun ga yana ƙara yawan sukarin da ake samu. Abin da matan Filato da Kudancin Kaduna suke yi a bayan gida ke nan.

Ko tsamin ma haka ne. Masu ƙananan kamfanoni a Amurka da Turai yanzu suna barin ruwan tsiro ya yi tsami a tukunya da ɗumi, sannan su tafasa su sa yisti, su sayar da tsada. A Jamus akwai Berliner Weisse da Gose, duk masu tsami ne. Kai kuma ka cire tsamin daga naka don ya yi kama da na waje.

Kawu Yohanna (Zuru):
Na tuna lokacin nan da Malam yake faɗa. Mashaya sun yi ta ƙorafi cewa giyar kwalba ta canza ɗanɗano, daga baya baki ya saba, yau ba mai tunawa.

Danladi (Abuja):
Goggo, na gode, wannan zan gwada a dahuwa mai zuwa. Tambaya ɗaya: ruwan saman yana ɗaukar tsawon wane lokaci kafin ya kwanta? Nawa yana daɗewa da duhu.

Asabe (Garwa, Kamaru):
Gaisuwa daga Garwa, ban samu zuwa ba amma ina bin ku. Mu nan bili-bili muke kiransa, hanyar kusan ɗaya ce da ta Goggo. Danladi, game da kwanciya, masu dolo a Burkina Faso, wato irin burkutunsu na can, suna daka karan kuɓewa su jiƙa, su zuba ruwan mai yauƙi a ciki. Yauƙin yana tattara garin ya ja shi ƙasa, ruwan sama ya fito da haske. Na koya daga wata maƙwabciyata 'yar can, ina yi, yana aiki. Kada ka cika, kaɗan ya isa, in ya yi yawa za ka ji shi a baki.

Hannatu (Jos):
Kuma maganar ɗaci, dole ne sai furen da ake shigowa da shi daga waje? Da dala ake sayensa fa.

Malam Ishaya (Zariya):
Ba dole ba. An yi bincike a jami'o'inmu a kan shuwaka da namijin goro a madadinsa. A Habasha kuma ganyen wata bishiya mai suna gesho suke sa wa tella, giyarsu ta gargajiya, ba su jira hop ba. Sai dai ɗacin shuwaka ba ya zuwa da ƙamshin lemon nan da Bulus ya yaba, kuma hop yana taimakawa wurin hana giya lalacewa. A gwada a ƙaramar tukunya tukuna.

Bulus (Zonkwa):
Tunda ana faɗin gaskiya, akwai wanda ba mu taɓa ba. Wanda aka kawo a baƙar jarka, ba zan kira suna ba don mai shi ba ya cikin zauren nan, baƙon wani ne. Ƙoƙo ɗaya na sha kaina ya sara. Wannan ba ƙarfin dawa ba ne.

Saratu (Jos):
Na ji shi ni ma, na zubar. Akwai warin da na sani a ciki. A Jos muna ganin abin da goskolo, barasar nan mai ƙarfi da ake haɗawa a ɓoye, yake yi wa samari, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, yaro ɗan shekara ashirin da wani abu a kai shi kabari. Wasu masu sayarwa suna tsiyaya shi cikin burkutu don a ce nasu ya fi bugarwa. Suna ɓata mana suna gaba ɗaya, don in mutum ya faɗi ba a cewa goskolo, burkutu ake cewa.

Maman Ladi (Kafanchan):
Wannan ba za mu sake yarda da shi ba. Duk wanda zai kawo abu taronmu, ya faɗi abin da ke ciki a gaban kowa, kuma shi zai fara sha.

Hannatu (Jos):
To garin rogo fa? Don ni ina sa kaɗan, ban ɓoye ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 dawa da itace da kuɗin niƙa duk sun tashi, in ban ƙara da gari ba, ba zan fitar da kuɗina ba.

Kawu Yohanna (Zuru):
Gari ba guba ba ne, 'yata, an daɗe ana sawa a wurare da yawa. Sai dai yana rage ƙamshin dawa, kuma yana sa shi saurin juyawa. Ni ba na sawa, amma ba zan haɗa mai gari da mai goskolo a magana ɗaya ba.

Malam Ishaya (Zariya):
Haka ne. Burkutun gaskiya ƙarfinsa bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, kusan daidai da giyar kwalba. Duk wanda ya kwantar da babban mutum da ƙoƙo ɗaya, an sa masa wani abu. Ku tuna mutanen da suka mutu a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan shan ogogoro mai ɗauke da gubar methanol. Irin abin da ake sayowa a jarka ba a san asalinsa ba, shi ne haɗarin.

Akwai abu biyu kuma da ke hannunmu mu masu tsiro. Saiwa da kan tsiron dawa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin guba irin ta ɗanyen rogo, shi ya sa ake hana dabbobi kiwo a sabuwar tohuwar dawa. Bayan shanya a murje a sheƙe su fita kafin niƙa, tafasa mai tsawo kuma tana korar saura. Na biyu funfuna. Dawar da ta yi kore ko baƙi a wurin tsira a zubar, kada a ce wuta za ta gyara, gubar funfuna ba ta mutuwa da tafasa.

Danladi (Abuja):
Duk wannan shi ya sa nake cewa mu yi tunanin kwalba. In an dafa da tsabta, an kashe ƙwayoyin, an rufe, an sa suna a jiki, ba mai iya tsiyaya wani abu a ciki, kuma na Anti Rifkatu zai iso Kagoro yadda ya bar Numan. A Zambiya da Zimbabwe Chibuku suna sayar da irin wannan giyar mai kauri a kwali, da ɗan rami a sama don iska ta fita tunda tana kan aiki. Daga baya suka fito da Chibuku Super a robar da aka rufe, wadda take yin makonni. A Uganda ma tun 2002 ake yin Eagle Lager da dawar manoman ƙasar.

Rifkatu (Numan):
Ƙanina, na gode da kake nema mini mafita, amma wanda aka kashe ba shi ne nawa ba. Masu zuwa wurina suna zuwa ne don su same shi yana motsi a ƙwarya. Na safe daban, na yamma daban, kowa ya san lokacin da yake so. Tsofaffi suna zuwa da hantsi lokacin yana da zaƙi, masu dawowa daga gona sun fi son na la'asar.

Maman Ladi (Kafanchan):
Kuma ka tambayi kanka wa zai ci ribar. Yau mace mai tukunya uku tana biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da wannan sana'ar. Mai itace yana samu, mai injin niƙa yana samu, dusar kuma masu aladu suna layi a kanta, ka zo kasuwar aladu ta Katsit ka ga yawan dabbobin da dusar burkutu ta yi wa ƙiba. Ranar da aka ce sai mai injin ɗura kwalba da takardar NAFDAC ne zai sayar, matan nan ba su ne za su mallaki injin ba. Muna fama da masu yi mana kallon banza a unguwa da majami'a, mun jure, kada kuma a zo a karɓe sana'ar da sunan gyara.

Danladi (Abuja):
Mama, ban ce a karɓe ba. Ina cewa a samu duka biyun. Akwai 'yan garinmu a Legas da Fatakwal da ke marmarinsa ba sa samu.

Saratu (Jos):
Kafin a kai can, gargaɗi ga duk wanda maganar Danladi ta burge: kada ku ɗura burkutu mai rai a kwalbar gilashi ku rufe. Yisti yana ci gaba da cin sukari, iska tana taruwa, kwalba tana tarwatsewa. Ambaliyar da Hannatu ta gani alama ce naka ma bai gama ba lokacin da ka rufe, Danladi. Da ya ƙara kwana a zafi, da ba ambaliya kaɗai za a yi ba.

Danladi (Abuja):
Na karɓa, Anti. Sauran kwalaben suna cikin firji, zan buɗe su a hankali yau.

Bulus (Zonkwa):
To ni dai ina nan a kan bakana cewa abin da aka sha shi ake yi wa hukunci. Amma na yarda a sake zama, a ba Anti Rifkatu filin da aka ba Goggo. In ta doke ta, ni zan fara faɗa a nan.

Maman Ladi (Kafanchan):
Shi ke nan. Ga shawarata: mu haɗu a Kwoi lokacin Ista, tunda jama'a suna taruwa don Tuk Ham, bikin gargajiyar mutanen Ham. Na nesa kada su ɗauko dafaffe. Kowa ya zo da busasshen tsironsa da yistinsa, a iso da wuri, a dafa a can, a zuba yisti a dare ɗaya, a sha a yini ɗaya. Zan yi magana da ƙanwata da ke aure a can a kan tukwane da itace. Na kwalba kuma a ba shi tabarmarsa daban. Sai dai ku tuna lokacin zafi ne, tsami zai zo da gudu, ba irin na Janairu ba.

Rifkatu (Numan):
Na amince. Tsiro ba matsala, zai yi wata a buhu in ya bushe sosai. Yistin ne damuwata, ni kullum daga tsohuwar randa nake ɗiba in zuba a sabuwa, ban taɓa tafiya da shi ba.

Asabe (Garwa, Kamaru):
A arewacin Ghana masu fito suna tsoma saƙaƙƙiyar igiya a cikin mai aiki, yisti ya kama jikinta, su shanya, in za a yi sabo a jefa ta ciki. Ko tsumma mai tsabta zai yi.

Goggo Kande (Pankshin):
Rifkatu, ki kwashi farin da ke kwanciya a ƙasan randa ranar da burkutun ya fi ƙarfi, ba na kwana biyu ba. Ki shafa shi siriri a bayan sabuwar ƙwarya ko a kan farin ƙyalle, ki shanya a inuwa inda iska ke wucewa, kada rana ta taɓa shi. In ya bushe ki kankare ki ƙulle a takarda, ba a leda ba. Daren da za ki yi amfani da shi, ki fara jiƙa shi a ɗan ruwan tsiro mai ɗumi a ƙoƙo tun da yamma. In kin ga ya fara kumfa, ki juye a randa. In bai yi ba, ki zo ki ɗibi nawa.